Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Abin da shirin jarabawar CGEIT ya tono mini

Tambayar gwaji ce, ɗaya daga cikin ashirin ɗin da na saba yi bayan na dawo daga masallaci da asuba, kafin yara su tashi gida ya kaure. Wani kamfani ne ya kashe kuɗi masu kauri ya kafa sabuwar manhaja. An gama aikin a kan lokaci, ba a wuce kasafi ba, amma shekara ta zagayo ba a ga amfanin da aka yi alkawari ba. Me ya kamata a fara yi? Ko tsayawa ban yi ba, na danna amsar da ta ce a sake horar da ma'aikata. Sai ja ya fito. Amsar da suke so ita ce a koma kan takardar da aka rubuta tun farko don neman amincewa da aikin, a duba wace moriya aka ce za a samu, da wane ma'auni za a gane an same ta, kuma wuyan wa aka rataya wa alhakin samo ta.

Na ajiye wayar a kan darduma na daɗe shiru, domin labarin da ke cikin tambayar namu ne, kamar wanda ya rubuta ta ya taɓa shiga sitonmu.

Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, shekarata goma sha ɗaya ke nan a can, ni ne ke riƙe da sashen kwamfuta, mu huɗu ne. Shekara uku da suka wuce muka sayi manhajar lissafin kayan sito. Ni na ja wayoyin da hannuna, na kwana biyu a ofis ranar da aka ɗora bayanai, na tsaya a kan masu sayarwa sai da suka gyara duk abin da na nuna musu. Ranar da aka kunna ta aka yi addu'a aka raba lemo. Yau in ka shiga babban siton za ka tarar da kwamfutar a kan tebur an lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura, Baban da ke kula da siton kuma yana zaune a gefenta da dogon littafinsa mai baƙin bango, biro ja a bayan kunne, shuɗi a hannu. Duk ranar Asabar wani yaro daga ofishinmu ke zuwa ya kwashe abin da ke littafin ya zuba a manhajar don rahoto ya fito. Aiki ɗaya ya zama biyu, kuma kowace shekara muna biyan kuɗin lasisi. A duk tsawon wannan lokacin abin da nake faɗa wa kaina shi ne mutanen sito suna buƙatar ƙarin horo, wato daidai amsar da jarabawar ta sa mini ja a kanta.

Bari in faɗi mece ce jarabawar, don na san yawancin masu karanta ni sun fi sanin takardun shaida na harkar netwok da tsaron intanet. CGEIT ta ƙungiyar ISACA ce, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1969 a matsayin ƙungiyar masu binciken lissafin kwamfuta. Ita ce mai CISA da CISM, takardun shaida na masu binciken tsarin kwamfuta da na masu kula da tsaron bayanai. CGEIT ta fito a 2007, kuma abin da take aunawa shi ne ko mutum ya san yadda ake jan ragamar fasahar sadarwa a babbar ma'aikata, tun daga kujerar daraktoci. Tambayoyi 150 ne na zaɓi-ɗaya, a awa huɗu. Maki yana tashi daga 200 zuwa 800, ana ci da 450. Kar ka raba 450 da 800 ka ce ga yawan tambayoyin da kake buƙata, domin makin daidaitacce ne, ba ƙidayar amsoshi kai tsaye ba. Tun 2020 fannoni huɗu ne: tsarin jan ragamar kansa ya ɗauki kashi 40, kayan aiki da ma'aikata 15, girbar amfani 26, sai sarrafa kasada 19.

Abin da ya fi ba ni wuya a watan farko shi ne raba abubuwa biyu da a bakinmu duk "shugabanci" ne. Akwai jan ragama, akwai gudanarwa. Tsarin COBIT, kundin jagora kan tafiyar da fasahar sadarwa a ma'aikata wanda ISACA ta fara fitarwa a 1996, ya raba su ƙarara tun daga bugu na biyar a 2012, sabon bugun da ake kira COBIT 2019 kuma ya jera manufofi 40, biyar kacal daga ciki na masu jan ragama ne, 35 na masu gudanarwa. Aikin masu jan ragama uku ne: su auna, su ba da alƙibla, su sa ido. Waɗannan kalmomi ukun sun fito ne daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 38500 ta 2008, wadda ita ma aka gina a kan wata ƙa'ida ta Ostireliya ta 2005. Na haddace wannan duka a mako ɗaya, amma bai zauna mini ba sai ranar da na je Kantin Kwari wajen ƙanin mahaifiyata.

Kawu yana da shaguna uku, amma rabon da ya auna yadi da hannunsa an daɗe. Ina zaune a wajensa yaronsa ya zo ya ce wani ɗan kasuwa daga Maraɗi yana son dila biyu na shadda bashi. Kawu bai tashi ba. Ya tambaya nawa ake bin mutumin a yanzu, yaushe ya biya na ƙarshe, sannan ya ce a ba shi ɗaya, ɗayan sai ya kawo rabin tsohon. Yaron ya juya. Shi Kawu shi ke yanke wane irin kaya za a saro bana, wa za a ba bashi kuma har nawa, kuma shi ke zama da littafi ƙarshen wata. Yaron shi ke buɗe shago, ya yi ciniki, ya ɗaure kaya, ya sallami ɗan dako. In yaron ya fara yanke wa za a ba bashi, ko Kawu ya koma ɗaure dila ya bar duba littafi, shagon ya kama hanyar rushewa ko da ciniki na gudana. A kan hanyar gida cikin adaidaita sahu na fahimci cewa shekara goma sha ɗaya ina aikin yaron shago, kuma ina yin sa da kyau, amma a harkar kwamfutar kamfaninmu babu wanda ke zaune a kujerar Kawu. Ni ke kawo shawara, ni ke aiwatarwa, ni ke ba da rahoton cewa an yi nasara.

Daga nan tambayoyin gwajin suka fara buɗe mini. Kusan kowacce tana da amsa biyu masu kyau, ɗaya ta mai gyara, ɗaya ta mai jan ragama. Hannuna kullum yana tafiya kan ta mai gyara, domin ita ce sana'ata: a ƙara tsaro, a sauya mai kwangila, a sayo sabuwar na'ura. Jarabawar kuwa tana so ka ɗaga kai ka tambaya: wannan ya dace da inda kamfanin ya dosa? Wa ke da ikon yanke hukunci a kai? An tambayi masu ruwa da tsaki? Dole kuma ka kula da ƙananan kalmomin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe, masu nufin "da farko" ko "mafi dacewa" ko "mafi muhimmanci", domin kalma ɗaya tana juya amsar gaba ɗaya. Mu da Turanci ba harshen gidanmu ba ne, nan lokaci ke tafiya. Awa huɗu in ka raba wa tambaya 150, kowacce ta samu minti ɗaya da daƙiƙa 36, wasu tambayoyin kuma sakin layi guda ne cur.

Wani abu da na lura da shi da kaina, kuma ya sauƙaƙa mini karatu: huɗu daga cikin manufofi biyar ɗin nan na masu jan ragama a COBIT, wato kafa tsarin, tabbatar da amfani, daidaita kasada da daidaita kayan aiki, su ne dai fannoni huɗu na jarabawar. Ta biyar ita ce tafiya da masu ruwa da tsaki. Jarabawar ba ta tambayar lambar manufa ko haddar COBIT, amma wanda ya gane ƙashin bayansa ya samu taswira.

Fannin girbar amfani ne ya fi riƙe ni, kuma a ganina shi ne zuciyar al'amarin duk da bai kai na farko yawan maki ba. Akwai tambayoyi huɗu da wani masani, John Thorp, ya tsara, ISACA ta gina tsarin Val IT, na auna amfanin kuɗin da aka zuba a fasaha, a kansu. Abin da ya kamata muke yi? Ta hanyar da ta dace muke yin sa? Muna kammala shi da kyau? Muna samun amfanin? Na rubuta su a bayan wani tsohon rasit na liƙa a jikin allon kwamfutata. Da na auna manhajar sitonmu da su, sai na ga mun ci ta biyu da ta uku, ta farko mun amsa ta da zato, ta huɗu kuwa babu wanda ya taɓa yin ta. Bahaushe ya riga ya taƙaita ta huɗun tuntuni da ya ce, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Abin da karatun ya ƙara mini shi ne cewa wannan tambayar tana buƙatar mai ita, mutum ɗaya da sunansa, kuma ba daga sashen kwamfuta ba. Mu muna iya kafa manhaja. Rage ɓatan kaya a sito kuwa, ko gane wanda ya daɗe bai biya bashi ba, wannan yana hannun wanda ke da iko a kan sito da ciniki. Takardar hujjar aiki ma, a koyarwarsu, ba a jefa ta a durowa bayan an sa hannu. Ana komawa kanta a kowane mataki, in hujjar ta mutu a dakatar da aikin ko da an kashe rabin kuɗin. Wannan na ƙarshen yana da ɗaci a wajenmu, inda dakatar da aiki yake kama da amsa laifi a gaban jama'a. Amma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, wanda ya riga ya tashi kuma gara ya zauna da wuri.

Na je na nemo takardar da muka rubuta kafin sayen manhajar. Shafi biyu ce, ni na rubuta ta. Ta faɗi farashi, ta faɗi sunan masu sayarwa uku, ta ce manhajar "za ta inganta aikin sito." Babu adadi ko ɗaya na abin da za a inganta, babu ranar da za a dawo a duba, babu sunan kowa sai nawa.

Fannin kayan aiki bai ba ni wahala ba, shi ne abin da nake yi kullum: a yi a gida ko a ba ɗan kwangila, yarjejeniyar ingancin aiki, riƙe ƙwararrun ma'aikata. Na kasada ma na san rabinsa, sai dai wani bambanci da ya gyara mini tunani. Akwai iya kasadar da kamfani ya yarda ya ɗauka don neman riba, akwai kuma ɗan sassaucin da za a lamunta a kusa da wannan iyakar, kuma masu kamfani ne ke shata su. Da ina ganin aikina shi ne in kawar da duk wani haɗari, shi ya sa kullum nake faɗa da ofishin kuɗi a kan batiran inbata da layin intanet na biyu. Yanzu na gane aikina in ajiye musu a fili: in wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, awa nawa za mu iya yi ba mu fitar da kaya ba, kuma nawa ne kuɗin rage wannan. Su zaɓa, su sa hannu.

Wasu abokaina sun ce wannan karatun na 'yan banki ne da manyan ma'aikatun Abuja da Legas. Akwai gaskiya a ciki. Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin tsaron intanet ga bankuna a 2018 wanda ya ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci, NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, kuma tana tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a kashe kuɗi. Amma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba bankuna kaɗai ta shafa ba, kuma mu muna riƙe da lambobin waya da tarihin bashin ɗaruruwan 'yan kasuwa. Ko ba doka ma, kamfanonin gida irin namu, inda daraktocin su ne Alhaji da 'ya'yansa, sun fi kowa buƙatar wannan tarbiyyar, domin kuɗin daga aljihun mutum ɗaya suke fita kuma babu wani mai binciken waje da zai zo ya tambaya.

Maganar kuɗi. Lokacin da na yi rajista, jarabawar dala 575 ce ga ɗan ƙungiya, 760 ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, ban da littafin bita da rumbun tambayoyi. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, duk wanda ke karɓar albashi a naira ya san nauyin wannan. Wata shida na yi ina ajiyewa, uwargida ta ɗage maganar sauya kujerun falo, ban manta mata ba. Shawarata ga mai niyya: ka lissafa kuɗin shiga ƙungiyar ka kwatanta da rangwamen, don ɗan ƙungiya yana samun sauƙi a littattafan ma. Kuma in kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin kwas mai tsada da rumbun tambayoyin ISACA, ka sayi rumbun. Amfaninsa yana cikin bayanin da ke ƙarƙashin kowace amsa, har da dalilin da ya sa ukun da ba daidai ba suka zama ba daidai ba. Ina da littafi na musamman da nake rubuta duk tambayar da na faɗi, da dalilin da ya ja ni zuwa amsar da na zaɓa. Shafukan farko kusan duk jimla ɗaya ce: na yi tsalle zuwa gyara.

Ana iya rubuta jarabawar a cibiyar gwaji ta kamfanin shirya jarabawa na PSI ko a gida mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Ni cibiya na zaɓa. Awa huɗu ba tare da wuta ko intanet sun yi gardama ba alkawari ne da ba zan iya ɗauka a unguwarmu ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan cin jarabawar ba shi ne samun takardar ba. Sai ka nuna shekara biyar ta aiki a wannan fanni, aƙalla ɗaya a kan kafa tsarin jan ragamar kansa, wani ya tabbatar maka, kuma kana da shekara biyar bayan ci ka nema. Bayan an ba ka, sai awa 20 na ƙarin ilimi kowace shekara, 120 a shekara uku. Wannan sharaɗin na shekara ɗaya shi ya ƙara tura ni in yi abin da na yi makon nan, don ina so ranar da zan cike fom ɗin in rubuta abin da na yi da gaske.

Ranar Talata na je siton da hantsi, bayan motocin safe sun fita. Na gaishe da Baba, ya matsa mini a benci. Na ce, "Baba, don Allah ba faɗa na zo yi ba, so nake in sani. Me ya hana ka amfani da na'urar nan?"

Ya dube ni, ya cire biron daga bayan kunne. Ya ce, "Injiniya, shekara uku yau ka tambaye ni. Na iya ta, yaronka ya koya mini, ba wuya gare ta ba. Amma ka ga, ƙarfe shida na safe mutum zai zo daga Ɗambatta da motarsa, Alhaji ya bugo waya ya ce a ba shi katan ɗari, zai kawo kuɗi ranar kasuwa. Na'urarka ba ta sakin kaya sai da takardar ofishin kuɗi, ofishin kuɗi ba sa zuwa sai takwas. In ce wa Alhaji na'ura ta hana? Sai in rubuta a nan in sallami mutum." Ya buɗe littafin ya nuna mini. Duk layin da aka rubuta da ja, kayan da suka fita da wayar Alhaji ne. A shafin ranar kaɗai ja ya fi shuɗi yawa.

Horo dubu ba zai taɓa wannan ba, kuma ba ni da ikon taɓa shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma mun sayi kwano ba mu tambaye shi ba. Ko dai a gyara manhajar ta karɓi umarnin baki a matsayin hanya halattacciya, da iyakar da aka shata wa kowane ɗan kasuwa, ko a ce daga yau babu kayan da zai fita sai da takarda. Duka biyun hukunci ne a kan yadda kamfani ke ba da bashi, kuma mutum ɗaya ne zai iya yanke shi.

Na samu Alhaji ranar Alhamis bayan la'asar, ofis ya yi sauƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, manhajar siton nan da muka saya, kuɗinka ne, kuma har yau ba ta biya ka ba. Ni na rubuta takardar neman sayenta, ban sa abin da za a auna ba. Ina roƙon abu uku: ka yanke yadda kayan bashi za su riƙa fita, ka ba mutum ɗaya daga ɓangaren ciniki amanar ganin an ci moriyarta, sannan duk wata uku mu zauna da kai rabin awa a duba." Ya yi shiru yana jan carbi. Ya tambaye ni nawa muke biya duk shekara, na faɗa masa. Ya tambaya in an daina biya me zai faru, na faɗa masa wannan ma, ban rage ban ƙara ba, har da cewa dainawar tana cikin zaɓin da ke gabansa.

Ya ce, "To Injiniya, ka rubuto mini a takarda ɗaya, kar ta wuce ɗaya. Ka kira mini Baban sito da manajan ciniki ranar Asabar, mu zauna mu huɗu."

Takardar tana gabana yanzu, na raba ta gida uku: abin da muke so ya sauya, yadda za mu gane ya sauya, da wanda za a tambaya. Gida biyun farko na cike su da fensir don a iya gogewa. Na ukun na bar shi fari, Alhaji zai rubuta sunan da hannunsa. Jarabawar saura mako biyar, gobe da asuba kuma zan zauna gwajin farko na cikakkun tambayoyi 150 da agogo a gabana. Ku sa ni a addu'a.